Harry Brearley da ƙarfen da ya gagari maƙeran Sheffield

An haifi Harry Brearley ranar 18 ga Fabrairun 1871 a Sheffield, birnin maƙeran wuƙaƙe na Ingila. Yana ɗan shekara 12 ya bar makaranta ya bi mahaifinsa masana'antar ƙarfe, daga baya aka ba shi wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, ya riƙa karatu da dare. A 1908 aka ɗora shi bisa ɗakin binciken da kamfanonin Brown da Firth suka kafa.

Neman ƙarfen bututun bindiga da zafin harbi ba zai cinye ba ne ya kai shi ga narka wani haɗi ranar 13 ga Agustan 1913, mai kuromiyam kashi 12.8 cikin ɗari da kabon kashi 0.24. Ya lura ruwan tsami ba ya cin sa, nan take tunaninsa ya koma kan wuƙar cin abinci.

A nan wahalar ta fara. Ƙarfen yana da tauri a ƙarƙashin guduma ko da ya yi ja, kuma da an bar shi ya huce a iska sai ya ƙara ƙanƙamewa, ya cinye dutsen washi. Maƙeran farko suka ce ba shi da amfani, alhali hanyar da suka gada ce ba ta dace da shi ba. Ernest Stuart na kamfanin Mosley ne ya jure har ya fitar da wuƙaƙe masu kyau a 1914. Saɓani kan haƙƙin mallakar ƙirƙirar ya raba Brearley da Firth a 1915, ya koma Brown Bayley.

Magajinsa, William Hatfield, shi ya fito a 1924 da haɗin kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, wanda ake matsawa a sanyi ya zama tukunya ko cokali. Shi ma da halinsa: yana ƙara tauri gwargwadon lanƙwasar da ya sha, har maganaɗisu ya fara kama shi a wurin da aka fi matsawa. Idan an ɗan ɗumama shi kafin matsa, taurin yakan ragu.

Brearley ya karɓi lambar zinare ta Bessemer a 1920. Ya rasu a Torquay ranar 14 ga Yulin 1948.