Samuel Ajayi Crowther: Bawan da ya zama Bishop na Kwara

Kogin Kwara, wanda ya ratsa Yamai da Gaya, shi ne hanyar aikin baƙar fata na farko da ya zama bishop, wato babban limamin Kirista, a ɗarikar Angalikan ta Ingila.

An haifi Ajayi a garin Osogun cikin ƙasar Yarabawa wajen shekara ta 1809. A 1821 mahara suka ci garinsu, suka kama shi, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun ƴan Fotugal. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin bayin a teku, aka sauke su a Firitawun ta Saliyo. Can ya koyi karatu, ya shiga addinin Kirista a 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther.

A 1841 ya hau Kwara tare da wani Bajamushe, Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar nan. Daga nan aka gane aikin sai ƴan ƙasa. A 1846, a Abekuta, Allah ya sada shi da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25.

Crowther ya riƙe cewa mutum da harshen uwarsa ya fi gane karatu. Ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya kuma rubuta littattafan koyon Ibo da Nufanci. Ran 29 ga watan Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari. Ya zauna lafiya da sarakunan Musulmi, musamman Masaba, Sarkin Nufe na Bida, don ya fi son zance cikin ladabi da gardama.

Amma ƙarshensa da ɗaci. A 1890 wasu samarin Turawan mishan suka tuhumi mataimakansa baƙaƙe, suka dakatar da su a gabansa, suka karɓe ragamar aiki. Tsohon ya yi haƙuri, ya rasu a Ikko ran 31 ga watan Disamba 1891, aka ba Bature kujerarsa.

Gaskiya ba ta tsufa. A 2014 shugaban ɗarikar, Justin Welby, ya fito fili a Kantabari ya nemi gafara kan wulakancin da aka yi masa.