Al-Jahiz, Malamin Basra Da Ya Yi Nazarin Dabbobi

An haifi Abu Usman Amru ɗan Bahar a birnin Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 776 Miladiyya. An yi masa laƙabi da Al-Jahiz saboda firfitowar idanunsa. Ya tashi cikin talauci, yana tallar gurasa da kifi, amma son ilmi ya sa ya kan yi hayar shagunan masu sayar da littattafai, ya kwana ciki yana karatu.

Cikin littattafansa babu wanda ya kai Kitabul Hayawan shahara, mai juzu'i 7. A ciki ya bayyana yadda tururuwa ke raba ƙwayar hatsi biyu don kada ta tsiro a cikin rami, in kuwa danshi ya taɓa ta, sai ta fitar da ita ta shanya. Ya kuma tsawaita bayani a kan kare, yadda ya ke gane maigidansa ya riƙe amanarsa.

Shin dabba ta san abin da ta ke yi? A ganin malamin, Allah ya kimsa wa kowace dabba sanin da za ta rayu da shi ba tare da koyo ba, ɗan Adam kuwa an fifita shi da hankali da ikon zaɓi. Fifikon nan amana ce, domin Suratul An'am ta nuna cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Mai labta wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa sai ya yi tunani.

Shanyewar jiki ta same shi da tsufa, ya rasu a Basra a shekarar 255 ta Hijira. Allah ya jiƙansa, amin.