Ibn Battuta, matafiyin da ya sauka Takadda

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu na Dan Isa, Birnin Konni da Gaya waɗanda ƙafarsu ba ta zama wuri guda, yau za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah da ya shafe kusan shekara 30 yana yawon duniya, kuma a tafiyarsa ta ƙarshe ya taka ƙasar da a yau ake kira Nijar.

Sunansa Abu Abdullahi Muhammadu, amma an fi saninsa da Ibn Battuta. An haife shi a birnin Tanja na ƙasar Maroko a shekarar 1304, a gidan alƙalai masu bin mazhabar Malikiyya. A watan Yuni na 1325 ya bar gida shi kaɗai da niyyar aikin Hajji, yana ɗan shekara 21, bai kuma sake ganin iyayensa ba. Shekara ɗaya kafin nan ne Marko Polo, matafiyin nan na Italiya da Turawa ke alfahari da shi, ya rasu.

Ya bi ta Tunis, Iskandariyya da Alƙahira, ya yi Hajjin farko a 1326, to amma maimakon ya juya gida sai ya zarce Iraƙi da Farisa. Daga bisani ya shiga jirgin ruwa zuwa Mogadishu, Mombasa da Kilwa, ya dawo ya ratsa ƙasar Turkawa har ya leƙa Kustantiniyya. Shi dai ba falke ba ne, ba ya ɗauke da haja. Jarinsa ilimin fiƙihu ne, don haka duk garin da ya sauka sai ya nemi alƙali ko sarki, a ba shi masauki da tufafi da guzuri.

A Indiya ne ya ga samu ya ga rashi. Sarkin Delhi, Muhammadu bin Tugluk, mutum ne mai kyauta ba lissafi, mai kuma saurin zubar da jini. Ya naɗa Ibn Battuta alƙali da albashin dinari 12,000 a shekara. Sai dai tun a kan hanya malamin ya ci bashin ƴan kasuwa don ya sayi dawaki da raƙuman da zai kai wa sarki gaisuwa, kamar yadda al'adar fadar take, ga kuma hidimar gida da barori. Bashi ya taru har dinari 55,000, masu kuɗi suka tsare shi a ƙofar fada, sai da ya yi wa sarki waƙar yabo kafin a yi umarnin biya masa. Duk wanda ya taɓa karɓar kaya bashi yana jiran ciniki ya san irin wannan zaman. Bayan haka aka yi fushi da shi saboda ya ziyarci wani shehi da sarki ya kashe, aka sa masa masu gadi, ya kwana yana jiran takobi. Da ya kuɓuta sai ya raba dukiyarsa ya shiga halwa.

A 1341 sarkin ya sake kiransa, ya tura shi jakada zuwa ƙasar Sin da kyaututtuka masu yawa. Ba su yi nisa ba ƴan tawaye suka far musu, suka tuɓe shi, da kyar ya tsira da ransa. Da suka isa tashar Kalikut kuma guguwa ta farfasa jiragen da ke ɗauke da kayan sarki, alhali shi yana kan tudu ya tsaya sallar Juma'a. Tsoron komawa Delhi hannu rabbana ya sa ya nufi tsibiran Maldib, inda ya sake zama alƙali, ya yi aure-aure, ya kuma yi ta fama da matan garin su rufe jikinsu ba tare da nasara ba.

A can ya ga abin da ya kamata ɗan kasuwa ya tsaya a kai. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi har zuwan Nasara, daga tekun waɗannan tsibirai ake tsamo shi. Ibn Battuta ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinarin zinariya ɗaya. Shekaru bayan haka, a Mali da Gawo, ya tarar dinari ɗaya wuri 1,150 kawai yake saye. Ku yi lissafin da kanku, kafin ku cire kuɗin jirgi, na raƙumi da na masu tare hanya.

Ya kai tashar Zaitun ta ƙasar Sin, sannan ya kamo hanyar gida. A 1348 ya iske annobar nan da ta cinye mutanen Turai da Gabas tana kisa a Dimashƙa. A nan ya ji mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, kafin ya iso Tanja kuma annobar ta ɗauke mahaifiyarsa.

Bai zauna ba. A watan Fabrairu na 1352 ya bi ayari daga Sijilmasa ya shiga Sahara. Bayan kwana 25 suka iso Tagaza, garin da gidaje da masallaci duk da kantun gishiri aka gina su, aka rufe da fatun raƙuma, ba kowa a ciki sai bayi masu haƙa. Kayan raƙumi ɗaya na gishirin nan miskali 8 zuwa 10 ne a Walata, amma a babban birnin Mali yakan kai 20 zuwa 30, wani lokaci har 40. Sarkin Mali a lokacin shi ne Mansa Sulaimanu, ɗan'uwan Mansa Musa. Ibn Battuta, wanda ya saba da kyautar Delhi, ya zaci za a kawo masa riguna da zinariya, sai ga gurasa uku, soyayyen nama da ƙwaryar nono. Ya yi dariya, ya kuma rubuta sarkin a cikin marowata. A ganina nan malam ya nuna kwaɗayi. Amma dai ya yi adalci da ya yabi ƙasar a kan tsaro: matafiyi ba ya tsoron ɓarawo, kuma in baƙon ɗan kasuwa ya mutu ba a taɓa dukiyarsa sai magaji ya zo. Ya yabi cikar masallatai ran Juma'a da yadda ake matsa wa yara haddar Alƙur'ani.

Daga Tumbuktu ya shiga kwalekwale zuwa Gawo a kan Kogin Isa, wanda shi ya ɗauka Nilu ne. Daga nan ya yi gabas zuwa Takadda, wadda masu binciken kufai suke danganta ta da Azelik, a yankin Ingal na jihar Agadas. Ya tarar mutanen garin ba su da sana'a sai fatauci, kowace shekara suna zuwa Masar sayo tufafi. Ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari, a narka shi a gidaje, a yi sanduna: masu kauri 400 a miskalin zinariya, sirara 600 zuwa 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen hatsi da man shanu da bayi. Ya ce ana kai wannan ƙarfe Barno, tafiyar kwana 40, da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana da yawa suka ce Gobir ce. In haka ne, wannan na cikin ambato mafi daɗewa da aka yi wa wata ƙasar Hausa a rubuce.

Akwai abin da ba shi da daɗin ji, amma ba za a ɓoye ba. Ayarin da ya bi zuwa arewa a watan Satumba na 1353 yana ɗauke da kuyangi kusan 600, kuma shi kansa ya yi cinikin baiwa a Takadda, ya ba da labarin kamar cinikin akuya.

Da ya isa Fas a 1354, Sarki Abu Inan ya haɗa shi da wani marubuci ɗan Andalus mai suna Ibn Juzayy, shi yana faɗa wancan yana rubutawa. Aka gama littafin a ƙarshen 1355, shi ne wanda ake kira Rihla. Tun yana da rai mutanen fada suka riƙa raɗa cewa yana ƙari a labaran Indiya, kamar yadda Ibn Khaldun ya ruwaito. Masana na baya sun gano an kwafo bayanin Makka da Dimashƙa daga littafin Ibn Jubair, suna kuma shakkar ko ya kai Bulgar da babban birnin Sin. Abin da ya faɗa kan Delhi, Maldib da Mali kuwa ya yi daidai da sauran shaidu. An ƙiyasta tafiyarsa da kilomita kusan 120,000.

Ya ƙare rayuwarsa yana alƙalanci a wani gari na Maroko, ya rasu wajen 1368 ko 1369. Littafin ya daɗe a hannun malamai ƙalilan, sai tsakanin 1853 da 1858 aka buga shi cikakke a Paris, da Larabci da fassarar Faransanci.