Charles na Biyar: Sarkin da ya ajiye mulkin rabin Turai ya koma kula da agogo

A watan Fabrairun 1557 wani mutum mai shekara 56 ya isa gidan 'yan zuhudun Kirista na Yuste, a yammacin Sifaniya, ɗauke a kan kujera saboda ƙafafunsa ba sa iya ɗaukarsa. Cikin kayansa akwai tarin agogo, cikin hadimansa kuma akwai maƙerin agogo. Shi ne Charles na Biyar.

An haife shi a birnin Ghent, da ke Beljiyam a yanzu, a 1500. Yana ɗan shekara 16 ya hau gadon sarautar Sifaniya, a 1519 kuma aka zaɓe shi shugaban Daular Rum Mai Tsarki. Ikonsa ya kama daga Ostiriya da kudancin Italiya har Meziko da Peru. Ya gwabza da Faransa da Daular Usmaniyya; ya ci Tunis a 1535, amma ya sha kashi a Aljiyas a 1541.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne rabuwar Kiristocin Jamus. A gabansa Martin Luther ya ƙi janye koyarwarsa a 1521, kuma sama da shekara 30 sarkin yana neman haɗa kansu, da lallashi da takobi, bai samu ba. A Oktoban 1555 ya fara sauke nauyin mulki a Brussels. Ɗansa Philip ya karɓi Sifaniya, ƙanensa Ferdinand ya gaji daular.

Maƙerin da ya bi shi, Juanelo Turriano, mutumin Cremona ne a Italiya. Tun farko an kawo shi ne ya farfaɗo da wani tsohon agogo da Giovanni Dondi ya ƙera a ƙarni na 14, wanda ke nuna tafiyar rana da wata da taurari. Ya tarar tsatsa ta gama da shi, sai ya ƙera sabo, wanda aka ce ƙarafansa masu haƙora sun kai 1,800.

A Yuste aikin Turriano shi ne ɗaura agogon sarki da saita su. Sarkin yakan zauna tare da shi ana kwance su ana mayarwa, ko da yake ciwon gaɓoɓi ya riga ya lanƙwashe masa yatsu, har buɗe wasiƙa kan yi masa wuya. Ke nan rabonsa a gyaran ya fi yawa a ido da kunne.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa ya kasa sa agogonsa su buga lokaci ɗaya, sai ya yi nadamar ƙoƙarin tilasta wa mutane aƙida ɗaya. Labari ne mai daɗin ji, amma wasiƙunsa ba su goyi bayansa ba: daga Yuste ɗin ya rubuta yana neman a tsananta wa 'yan Furotesta da aka gano a Valladolid.

Hutun bai yi tsawo ba. Likitoci na hana shi, yana ta cin kifi da nama da shan barasa. Zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya mutu ranar 21 ga Satumban 1558. Turriano ya koma hidimar Philip, ya gina na'urar da ke ɗaga ruwa daga kogin Tagus zuwa saman birnin Toledo, ya mutu a 1585 cikin talauci, ba a gama biyansa kuɗin aikinsa ba.