Alan Turing da rahoton da aka jingine shekara 20

A shekarar 1948 Alan Turing ya miƙa wa shugabansa a Cibiyar Binciken Kimiyya ta Ƙasa da ke gefen Landan wani rahoto a kan injin da zai iya koyo. Shugaban ya raina aikin, ya ɗauke shi rubutun ɗan makaranta, don haka ba a wallafa shi ba sai bayan kimanin shekara 20. Shugaban nan kuwa shi ne Sir Charles Galton Darwin, jikan Darwin ɗin da ya bayyana yadda halittu ke sauyawa ta hanyar gado da zaɓi. A cikin rahoton da ya watsar akwai shawarar a ari hanyar kakan nasa a koya wa inji neman mafita.

An haifi Turing a Landan ranar 23 ga Yuni, 1912. Ya karanci lissafi a Cambridge, ya rubuta takardar 1936 da ta aza harsashin ilimin kwamfuta, ya kuma yi aikin warware saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1950 ya faɗaɗa tunanin a mujallar Mind. A ganinsa, gina inji mai hankalin babba kai tsaye wahala ce. Gara a fara da ƙarami irin na yaro, a riƙa yi masa sauye-sauye, mai gwaji ya riƙe waɗanda suka amfana ya zubar da saura. Ya lura cewa zaɓin da ke gudana a tsakanin halittu yana da jinkiri, amma mutum mai basira zai iya gaggauta shi.

Wannan dabara, wadda John Holland na Jami'ar Michigan ya tsara a littafinsa na 1975, ita masu bincike ke gwadawa wajen zana fuskar manhaja. Kwamfuta ta fito da zane iri-iri, kowanne da wurin maɓallansa da launinsa da girman rubutunsa. Mutum ya zaɓi waɗanda suka fi sauƙin amfani, a haɗa siffofinsu, a ɗan sauya wasu, a sake fitowa da sabon zubi, kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimin da zai bari a garke. Matsalarta ita ce mai zaɓen yakan gaji tun kafin zanen ya nuna.

Turing bai ga ko ɗaya daga wannan ba. A 1952 kotu ta hukunta shi saboda alaƙa da wani namiji, abin da dokar Birtaniya ta haramta a lokacin. Aka yi masa allurar sinadarai, aka kuma raba shi da aikin sirri. Ya mutu ranar 7 ga Yuni, 1954 sanadin guba, yana da shekara 41, binciken hukuma ya ce shi ya kashe kansa. Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa a 2013.