Ahmadu Rabah a Filin Wasa: Wani Ɓangare na Rayuwar Sardaunan Sakkwato

An haifi Ahmadu Bello a garin Rabah, gabas da Sakkwato, a shekarar 1910 bisa mafi shaharar ruwaya. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a Wurno a 1837. Manazarta sun yi rubutu mai yawa a kan siyasarsa da addininsa, amma kaɗan ne suka tsaya a kan cewa mutumin nan ɗan wasa ne, kuma wasan da ya ƙware a kai ya bi shi tun daga makaranta har gidan Firimiya.

Yaron da ya tashi a gidan sarauta a wancan zamani yana da iyaka a fagen wasa. Dambe na rundawa ne, kokawa kuwa ta samarin ƙauye ce bayan kaka. Abin da al'ada ta bar wa ɗan sarki shi ne doki: kilisa da sukuwa da hawan salla. Ba a sa ran ganin jikan Mujaddadi ya tuɓe riga a dandali ana yi masa kirari. Makarantar boko ce ta buɗe wata ƙofa. Bayan karatun allo da makarantar lardi ta Sakkwato, Ahmadu ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, inda malamai Turawa suka ɗauki wasanni a matsayin rabin tarbiyya. A can ya buga kurket, amma ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira fayibs, shi ne ya zama nasa, har ya riƙe shugabancin 'yan wasan kwalejin.

Asalin wasan daga makarantar Eton ta Ingila yake, ana kuma danganta shigo da shi Arewa ga wani malami, Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920. Filinsa ɗaki ne mai bango uku, bayansa a buɗe, da ɗan tudu a tsakiya da wani ginshiƙi da ya fito daga bangon hagu, wanda ke karkatar da ƙwallo ta inda ba a zata ba. Da tafin hannu ake bugu, dama da hagu. A ƙasar Hausa an koma amfani da ƙwallon tanis, saboda ƙwallon Ingila mai tauri ce, tana ɓantare bangon ƙasa.

Abubuwa biyu a dokokin wasan sun cancanci lura. Na farko, ba a yin sa sai biyu da biyu, don haka komai gwanintar mutum, nasararsa na rataye da abokin tafiyarsa. Na biyu, ba shi da alƙali. 'Yan wasa ne ke yanke wa kansu hukunci, wanda ƙwallo ta kuɓuce masa shi zai faɗa da bakinsa. A ganina wannan ne ya sa wasan ya samu karɓuwa a wurin 'ya'yan sarakuna da na malamai: ana zufa, ana gasa mai zafi, amma babu kayarwa a ƙasa, babu kuma wani na waje da zai tsawata wa babba a gaban jama'a. Girma ba ya zubewa. Kada a manta kuma da waɗanda suka ratsa kwalejin a waɗannan shekaru: Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mafi yawan waɗanda suka riƙe Arewa bayan shekara talatin sun fito ne daga wannan tarbiyya.

Ya kammala a 1931, ya koma Sakkwato yana koyarwa a makarantar Midil. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah. Da Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu ya nemi gadon, amma Abubakar na Uku ne ya samu. Aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. A 1943 aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi a Zariya. Shari'ar da aka so ta karya shi ita ce ta yaɗa sunansa a lardunan Arewa.

Daga nan tafiyar ta yi sauri: karatun mulkin ƙananan hukumomi a Ingila a 1948, Majalisar Dokokin Arewa a 1949, shugabancin Jam'iyyar Mutanen Arewa da muƙamin Firimiya a 1954. Duk da nauyin aiki da nauyin jiki, domin Sardauna ƙaƙƙarfan mutum ne dogo, bai bar filin ba. A Kaduna yakan fita da yamma ya buga tare da ministoci da ma'aikata. John Paden, a littafinsa na 1986, ya kula da muhimmancin wasan a rayuwar Sardauna, shi kansa Sardauna kuma ya ambace shi a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962. Ya dace a yi tambaya, ko da yake amsarta sai da ƙarin bincike na baka, wane irin kusanci ƙaramin ma'aikaci yake samu idan ya zama abokin wasan Firimiya, kuma wa wannan hanya ta bari a waje. Wanda bai ratsa makarantar da ke da filin ba, kamar 'yan kasuwa da malaman zaure da suka cika jam'iyyar NEPU, ba shi da hannun bugawa.

Bai taɓa cin abinci da wasa ba, don haka ba ƙwararre ba ne a ma'anar yau. Amma ya bar wa wasanni suna da wuri. Babban filin wasa na Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Jami'ar da ya kafa a Zariya a 1962 ta yi fice a ƙwallon kwando, a garin ne kuma Masai Ujiri ya tashi, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.

A daren 15 ga Janairu 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kashe shi a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu. An binne su a Kaduna. 'Yan ƙwallon bango na jihohin Arewa sun ci gaba da gasa a kan kofin da aka sa wa suna Kofin Sardauna.