Linus Pauling da igiyar gado

An haifi Linus Pauling a shekara ta 1901 a garin Portland, cikin ƙasar Amurka. Ubansa mai sayar da magani ne. Ya rasu Linus yana da shekara 9. Yaron ya yi ta ƙananan ayyuka don ya biya kuɗin karatu, har ya zama babban malamin kimiyya a Kalifoniya.

A 1949, shi da abokan aikinsa suka gano tushen ciwon sikila, ciwon da muka sani a nan Nijar. Sun nuna cewa ga mai sikila, sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini ya bambanta da na mai lafiya.

Daga nan sai ya juya ga ADN. ADN wani siririn zare ne da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, ido ba ya ganinsa. Shi ke ɗauke da gado, shi ya sa ɗa ke kama da iyayensa. A lokacin ba wanda ya san siffarsa.

A watan Fabrairu na 1953, Pauling da abokinsa Robert Corey suka ce ADN zare uku ne murɗe da juna, kamar igiyar guga. Amma akwai kuskure. Sun tara sassan fosfat a tsakiya, alhali waɗannan sassa suna ture juna. Irin wannan igiya sai ta warware.

A watan Afrilu, Watson da Crick, a Ingila, suka nuna cewa zare biyu ne. Hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka sun taimake su ƙwarai. Pauling ya je ya duba aikinsu, ya yarda su ke da gaskiya.

Zancen zare uku bai ƙare nan ba. A 1957, masana uku, Felsenfeld da Davies da Rich, suka haɗa igiya mai zare uku da ARN, ɗan'uwan ADN. Siffarta dabam take da ta Pauling: zare na uku yana kwantawa ne cikin kwarin da ke tsakanin biyun farko. Yau an san ana samun irinta cikin ƙwayoyin jiki. Tana iya tare hanya, ta hana a karanta wani sashen gado. Don haka masana ke bincike ko za ta yi amfani wajen magani.

Pauling ya sami kyautar Nobel ta kimiyya a 1954. Ya kuma sami ta zaman lafiya ta 1962, saboda ya yi tsayin daka a daina gwajin bom na nukiliya. Ya rasu a 1994, yana da shekara 93.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin ADN cikin jiki?
2. Ina kuskuren Pauling yake?
3. Me ya yi da ya ga aikin Watson da Crick?